Maigidana saje ne, tun da ya dawo daga bakin daji barci ya gagare shi: ina neman shawara

Malamar firamare, Gusau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina bibiyar abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau lamari ya kai ni ga neman shawararku, musamman waɗanda suka san aikin ɗan sanda daga ciki da kuma ma'aikatan lafiya. Ina roƙon a yi mini uzuri da ban ambaci suna ko wurin aiki ba, domin maganar ta shafi sirrin gidana.

Maigidana saje ne, shekararsa 16 a aikin ɗan sanda, kuma Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu. Kafin a tura shi wani ƙaramin ofishi da ke bakin daji a yammacin jihar nan, mutum ne mai fara'a da son hira, wanda idan ya dawo gida sai ya tuɓe kaki, ya zura jallabiya, ya zauna a tabarma yana duba littattafan makarantar yara ɗaya bayan ɗaya. An ce musu wata uku za su yi a kawo waɗanda za su canje su, amma sai da suka shafe wata 11 a can, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau uku kacal ya leƙo gida. A can ne aka yi musu kwanton ɓauna a kan hanya, abokinsa da suka fito makarantar horo tare ya cika a hannunsa a bayan motar sintiri kafin su isa asibiti. Ban ji wannan labari daga bakinsa ba har yau, matar wani abokin aikinsa ce ta ba ni a wurin ta'aziyya.

Yanzu wata biyar ke nan da aka dawo da shi cikin gari, amma mutumin da ya dawo mini ba shi ne wanda ya tafi ba. Idan ya kwanta bayan isha'i, da wuya ya yi awa biyu bai zabura ba, jikinsa sharkaf da zufa, daga nan sai ya fita ya zauna a zaure yana fuskantar ƙofa har a kira asalatu. Takalminsa na aiki a gefen gado yake kwana, kuma ba ya yarda a ɗauke shi. Idan babura biyu ko uku suka wuce tare da dare, sai in ga ya miƙe tsaye yana saurare har sai ƙararsu ta ɓace. Ya daina zuwa ɗaurin aure da suna, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, kuma kusan kullum sai ya aiki yaro kemis a sayo masa maganin ciwon kai.

Abin da ya ɗaga mini hankali har na rubuto shi ne abin da ya faru ranar Asabar. Autanmu mai shekara biyar ya saki murfin tukunya a kan siminti, sai mahaifinsa ya yi wata irin zabura, ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, yaron ya saki fitsari a tsaye. Shi kuma ya shige bayi ya daɗe bai fito ba, da ya fito idanunsa sun kaɗa sun yi ja, bai ce da kowa uffan ba. Mahaifiyarsa ta haƙiƙance cewa sammu ne ko kuma ya yi gamo a daji, an yi masa ruƙiyya, an kawo rubutu da hayaƙi, ni ma ban fasa addu'a ba, amma babu sauƙi. Da na yi masa maganar asibiti sai ya ce lafiyarsa ƙalau, ya ƙara da cewa duk ranar da aka rubuta masa taɓin hankali a fayil, ƙarin girma ya ƙare masa ke nan.

Tambayata ita ce, shin wannan sanannen abu ne a tsakanin 'yan sanda? Ta wace hanya zan shawo kansa ya ga likita ba tare da ya ji na tozarta shi ba? Kuma da gaske ne neman magani zai iya taɓa masa aiki?

Tsohon sufeto, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta saƙonki sau biyu kafin na iya amsawa, domin zaman zauren nan da kika kwatanta ni ma na yi shi, kuma iyalina sun sha abin da kike sha. Na yi shekara 35 cif a wannan aiki, wadda ita ce iyakar da doka ta yanke, ko mutum ya cika shekara 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa. Saboda haka ki kwantar da hankalinki ta fuskar tambayarki ta farko, abin sananne ne ƙwarai, sai dai ba ma faɗarsa da suna. A bariki cewa ake yi wane ya dawo da zafin kai, ko wane ya fara shaye-shaye, ko wane ya saki matarsa ba dalili, alhali duk tushen guda ne.

Abin da mutanen waje ba su gane ba shi ne aikin ɗan sanda a yankinmu ba shi da lokacin tashi. A makarantar horo an koya mana cewa kwana ɗaya an raba shi kashi uku, kowa ya yi awa takwas ya miƙa wa wani. Ni dai a ƙananan ofisoshin karkara da na zauna ban taɓa ganin an bi wannan tsari ba, saboda mutanen da za a raba ɗin babu su. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, 'yan sandanta kimanin 370,000 ne, kuma a cikinsu akwai adadi mai yawa da ke gadin manyan mutane da gidajensu da ma'aikatu. Abin da ya rage shi ake yayyafawa a ƙananan hukumomi 14 na Zamfara da 21 na Kebbi, da sauran ƙasa baki ɗaya. Sai ka tarar da ofishi mai mutum goma sha kaɗan yana riƙe da ƙauyukan da ba a iya zagaye su a yini guda, mutumin da ya kwana a shinge shi ne zai raka motocin 'yan kasuwa da safe, shi ne kuma zai zauna a kanta yana karɓar ƙara da rana. Ko a ranar da aka ce ka huta, da kaki kake kwanciya, bindiga a ƙarƙashin kai, kunne ɗaya a waje. Wanda ya yi wata 11 a haka, jikinsa ya manta yadda ake sakin jiki.

Ki tuna shekarar 2021 kawai. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Yuni aka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yauri a nan jiharmu, kuma a wannan hari an kashe ɗan sanda. A watan Satumba aka katse layukan waya a Zamfara, wanda ya sa yaranmu da ke bakin daji suka yi makonni ba su ji muryar iyalansu ba, iyalan su ma ba su san ko suna raye ba. Duk lokacin da irin wannan ta faru, umarni ne ke zuwa daga sama a dakatar da hutu, wanda ke kan hanyar gida ma ya juya. Ba na cewa bai kamata a yi hakan ba, domin ran mutane ake ƙoƙarin cetowa, amma idan ƙura ta lafa babu wanda ke dawowa ya biya ka barcin da aka ci ka bashi.

Sai kuma abin da ya fi gajiyar jiki ciwo, wato rashin bakin magana. Ɗan sanda ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba a yarda ya yi yajin aiki ba. Ina cikin aiki a watan Fabrairun 2002 lokacin da ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu, abin da ba a taɓa gani ba, kuma na ga irin hukuncin da ya biyo baya. Tun daga nan kowa ya koyi haɗiye damuwarsa. Ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga kaki da takalmi da da yawanmu da kuɗin aljihunmu muke saye, ga tunanin bayan ritaya, domin 'yan sanda suna cikin tsarin fanshon karo-karo da aka kawo a 2004, wanda aka fitar da sojoji daga cikinsa, kuma kin ga yadda tsofaffinmu suka sha fita zanga-zanga a Abuja a kan haka. Mijinki yana kallon irinmu yana ganin gobensa, ga kuma jiyansa da ta ƙi barinsa.

Shawarata gare ki ita ce kada ki kai maganar wurin shugabansa a bayan idonsa, domin idan ya ji daga sama zai ɗauka kin tona masa asiri, kuma zai ƙara rufe bakinsa. Ki nemi wani da suka fito horo tare, ko wani dattijo da ya yi ritaya wanda yake jin nauyinsa, ya riƙa zuwa suna zama bayan la'asar, ba da sunan nasiha ba. Ɗan sanda ba ya buɗe cikinsa ga wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ta wuce kunnensa ba, amma yakan buɗe wa ɗan uwansa. Ni wani tsohon saje ne ya fara cewa da ni, "Ranka ya daɗe, ni ma shekara biyu na yi ina ganin fuskar yaron nan," kuma a ranar na fara magana. Sannan ki ƙarfafa shi ya rubuta takardar neman hutunsa na shekara, haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce. Abu na ƙarshe, kuma kada ki yi wasa da shi: bindigar aiki wurinta ma'ajiyar makamai idan an tashi, kada ta kwana a gidanku a wannan hali.

Ma'aikaciyar jinya, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa:

'Yar uwa, Allah ya ba maigida lafiya, ya jiƙan abokinsa. Ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, wannan aikin likita ne bayan ya zauna da shi, amma alamomin da kika lissafa sun yi daidai da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. Ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Bari in yi bayanin yadda yake faruwa, domin idan kika fahimce shi za ki iya fahimtar da surukarki cikin ladabi.

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wani tsari na kare kai. Idan mutum ya hangi haɗari, jiki na sakin sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, ji da gani su ƙara kaifi, yunwa da barci su gudu, domin mutum ya samu ƙarfin faɗa ko tsira. An tsara wannan ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya lafa. Wanda ya zauna wata da watanni a inda kowace ƙarar babur za ta iya zama ajalinsa, tsarin nan nasa a kunne yake dare da rana, har ƙwaƙwalwa ta daina bambance murfin tukunya da harbin bindiga. Tsawar da ya daka wa yaron ta riga tunaninsa fita, shi ya sa ya shige bayi yana kuka daga baya. Akasarin mutane sukan ji irin wannan a makonnin farko bayan tashin hankali sannan ya wuce da kansa. Idan ya haura wata ɗaya, ana mafarkin abin ko yana faɗo wa mutum a farke, ana guje wa duk abin da zai tuna da shi, ana zama cikin shirin ko-ta-kwana, har ya taɓa aiki da zaman iyali, to lokacin neman magani ya yi. Naku ya kai wata biyar.

Kuma ba ƙwaƙwalwa kaɗai abin ke ci ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40. Baba sufeto ya riga ya faɗa mana irin awannin da ɗan sandan karkara ke yi. Wannan ne ya sa nake ba ki shawarar ki shiga ta ƙofar da ba zai ji kunyarta ba, wato ciwon kai da rashin barci. Ki ce masa hankalinki ba zai kwanta ba sai an auna jininsa, wanda kuma gaskiya ce, domin ciwon kai na kullum ga mai irin aikinsa ya isa dalilin awo, kuma awon da ya kai 140 bisa 90 yana maimaituwa hawan jini ne. Ku je sashen ganin likita na yau da kullum a babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, ki roƙe shi ya bari ki shiga tare da shi ki faɗa wa likita batun zaburar dare. Likitan ne zai san inda zai tura shi, har zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato idan da buƙata, kuma mafi yawan masu wannan ciwo ba a kwantar da su, zuwa suke yi su koma gida.

Maganin da ya fi amfani shi ne zama da ƙwararre a kai a kai, a bi abin da ya faru daki-daki cikin natsuwa har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce, wani lokaci kuma a haɗa da ƙwayoyin da likita ya rubuta, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Abin da nake tsoro shi ne kemis. Da yawa daga maganin ciwon kai suke farawa, su koma ƙwayar barci, su ƙare a tiramadol don su iya tsayuwar dare, sai ciwo ɗaya ya zama biyu. Ki duba abin da yaron ke sayowa. Ruƙiyya da addu'a kuwa a ci gaba da su, babu likitan kirki da zai hana, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umarce mu da neman magani.

Game da aiki, a watan Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare sirrin mara lafiya tare da hana nuna masa wariya. Abin da ya faɗa wa likita amana ce. Sai dai idan kika ji yana cewa gara ya bi abokinsa, ko ya fara rabon kayansa da yin wasiyya ba dalili, ko ya yi barazanar cutar da wani, to wannan ba na jira ba ne, a ranar za a kai shi asibiti ko da ransa zai ɓaci.

Direban motar haya, hanyar Gusau zuwa Funtuwa:

Malama, ina taya ki addu'a, kuma ba da mijinki nake ba, domin ban san shi ba. Amma tunda an buɗe maganar, ina ganin ya dace a ji ta bakin waɗanda ke tsayawa a gaban shinge kullum. Shekarata 19 ina bin hanyar nan ta Tsafe, kuma na sha zagi, na sha tsallen kwaɗo a gaban fasinjojina, an taɓa marina a kan kuɗin da ban da su a ranar. Idan aka ce duk wannan gajiya ce ta jawo, to mu ma a gajiye muke, mu ma da fargabar 'yan bindiga muke fita, an sace abokan sana'armu, wasu ba su dawo ba, amma ba mu mari kowa ba. Ina tsoron kada bayanin likitoci ya zama mafaka ga wanda zalunci halinsa ne.

Duk da haka akwai abin da na gani da ba ya barin zuciyata. Wata rana da azumi, wajen ƙarfe biyu na rana, na tsaya a wani shinge, wani yaro kurtu da bai fi sa'ar ɗana na fari ba ya zo duba takarduna. Yana riƙe da su sai na ga idonsa ya rufe, kansa ya yi ƙasa, barci ya sace shi a tsaye, ga bindiga a rataye, yatsansa kusa da kunama. Na kira shi a hankali don kada ya firgita. Da ya farka sai ya ba ni haƙuri, ya ce kwanansa uku a wurin ba a kawo canji ba. A ranar ban ji haushinsa ba, tsoro na ji, domin da wata taya ta fashe a lokacin, Allah kaɗai ya san wanda zai kwanta. Tun daga nan nake cewa hutun ɗan sanda ba nasa ba ne shi kaɗai, har da ranmu a ciki. Amma mai karɓar na goro da mai mari, a hukunta shi, ko ya yi barci ko bai yi ba.

Kofur mai ci, an sakaya wurin aiki:

Malam direba, ban musanta ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, kuma a madadin wanda ya mare ka ina ba ka haƙuri. Akwai azzalumai a cikinmu waɗanda ko an ba su hutun shekara ba za su canja ba. Abin da zan ƙara shi ne su ma suna cikin nauyin da ke kanmu, domin laifinsu mu duka muke biya. Tun bayan zanga-zangar Oktoban 2020 da ta kai ga rushe rundunar SARS, na san abokan aiki da ba sa sa kaki daga gida, a jaka suke ɗauka sai sun isa ofis. 'Yata ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka saboda abin da aka ce da ita a kan aikin ubanta. A daji ana farautarka, a gari ana ƙyamarka, a ofis kuma ba ka da ikon cewa ka gaji. Ƙarin albashi na kashi 20 cikin 100 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 mun yi murna da shi, amma cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya haɗiye shi har da ƙari.

Anti ma'aikaciyar jinya, na gode da bayaninki, sai dai a batun doka ina da ɗan ja. Doka tana takarda, amma a bariki baki ne ke aiki. Da zarar an ga mutum a layin likitan ƙwaƙwalwa, kafin magariba labari ya zagaye, daga nan ba mai son a haɗa shi sintiri da shi. Saboda haka tsoron da yallaɓai saje ke ji ba na banza ba ne, kuma ina ba Malama shawarar su je cikin kayan gida, a ranar da ba ya bakin aiki, kada a gaya wa ko maƙwabta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi bayan an kai mana hari. Ni na taɓa wanke jinin abokin aikina daga bayan mota da bokiti da tsintsiya, na rubuta rahoto, washegari na hau motar nan na koma hanyar da aka kashe shi. Babu wanda ya zaunar da mu ya tambayi yadda muka kwana. Da za a mayar da shi ƙa'ida cewa duk tawagar da aka yi wa kwanton ɓauna sai kowa a cikinta ya ga likita, babba da yaro, kuma a cika alƙawarin canji idan an ce wata uku, da babu wanda za a nuna da yatsa, tun da kowa ya je.

Malamar firamare, Gusau:

Ina godiya gare ku duka, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne don in samu abin da zan faɗa muku. Baba sufeto, na bi shawararka, na je wurin wani dattijo da ya yi ritaya wanda maigidan ke kira Baba tun yana kurtu, kuma ya zo gidanmu sau uku. A zuwa na uku ina daga ɗakin girki na ji maigidan ya ambaci sunan marigayin, karo na farko tun rasuwarsa, daga nan muryarsa ta sarƙe, na ja yara muka shiga ɗaki muka bar su. Bindiga kuwa dama ba ya zuwa da ita gida, na tabbatar.

Ranar Litinin ya yarda muka je awon jini cikin kayan gida kamar yadda kofur ya ce, aka samu 160 bisa 100, aka ce ya dawo a sake aunawa. Da likitan ya tambayi barcinsa sai ya yi shiru ya dube ni, na gane ya ba ni izini, na faɗi abin da na sani. An rubuta masa takardar ganin wani likitan ranar Alhamis mai zuwa, ya ninke ta ya sa a aljihun jallabiyarsa, bai ce zai je ba, bai kuma ce ba zai je ba. Na duba ledar kemis ɗin, na tarar har da ƙwayar barci a ciki, na nuna wa likitan. Surukata ta ce ba ta hana asibiti ba muddin ba za a daina rubutu ba, na ce mata ba za a daina ba. Malam direba, na karanta masa labarin kurtun nan da barci ya sace, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ma ya taɓa yi.

Har yanzu yana fita zaure da dare, sai dai jiya ya kai ƙarfe uku kafin ya tashi. Saura damuwa ɗaya da nake son Anti ma'aikaciyar jinya ta taimaka mini da ita. Autan nan tun ranar tsawar ba ya yarda ya zauna kusa da mahaifinsa, da ya ji sallamarsa sai ya ɓuya a bayan zanena, kuma na lura abin yana cin uban fiye da rashin barcin. Shin in bar su lokaci ya daidaita su, ko akwai abin da ya kamata in faɗa wa yaro mai shekara biyar?